Kukan Inji da Lissafin Aljihu

Ɗan'uwa mai karatu, darasinmu na yau na mota ne, kuma na lissafi ne. Ko ba ka da mota, kada ka tsallake shi. Wataƙila wanka yana da ita, ko ɗanka yana koyon aiki a garaji, ko kuwa wata rana a zo gare ka neman rance don a gyara wata.

A titunan Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa kana ganin tsofaffin motocin manya, musamman Mercedes, wadda muke kira Marsandi. Dauri motar minista ce da babban ɗan kasuwa. Yau malamin makaranta ko mai shago yana iya sayenta, don kuɗinta ya faɗi. Sai dai kuɗin motar kaɗai ya faɗi. Kuɗin kayan gyaranta yana nan inda yake.

Ran da injin ya fara wata baƙuwar ƙara, mai motar yana tsakanin hatsari biyu. In ya yi kunnen uwar shegu, ƙaramin ciwo ya zama babba. In kuma ya firgita ya ce a kwance inji, sai ya biya kuɗin babban ciwo alhali ƙarami ne. Don haka riƙe wagga magana tun yanzu: saurara kafin a kwance, lissafa kafin ka biya.

Mi ke cikin inji?

Ba ka gane ƙara sai ka san abin da ke yin ta. A cikin inji akwai ramuka da ake kira silinda. Cikin kowane akwai fistan mai hawa da sauka. Fistan yana tura wani ƙaton ƙarfe mai lanƙwasa da ke kwance a ƙasan inji. Ƴan garajinmu suna ce mishi bilbireke, na Katsina da Kano suna cewa karanshaf. A Maraɗi kana jin duka sunayen biyu.

Bilbireke yana juyawa bisa wasu siraran ƙarafa masu kamar ɓawon gujiya, su ne kusine. Tsakanin su biyu akwai baƙin mai, wanda kaurinsa bai kai na gashin kai ba. Wanga ɗan mai shi ke hana ƙarfe cin ƙarfe.

A saman inji akwai sufaf, wato ƙofofin da ke buɗe ma iska ta shiga, hayaƙi ya fita. Wata sanda mai tozo-tozo ke danna su. Sarƙa ce ta haɗa wagga sanda da bilbireke, kuma in bilbireke ya juya sau biyu, ita sau ɗaya take juyawa. A gaban inji, daga waje, akwai kuruwa, wato bel ɗin roba mai juya famfon ruwa da injin cajin batir.

In mota tana tsaye inji yana aiki a hankali, abin da ake kira ralanti, bilbireke yana juyawa wajen sau 750 a minti ɗaya. Sau 12 ke nan da ɗoriya a daƙiƙa guda. Ka ga duk abin da ya saki a ciki ba ya iya ɓoyewa.

Tambayoyi huɗu

Kafin ka tafi garaji, ɗauki alƙalami da littafi ka amsa waɗanga.

Ta ɗaya: yaushe ƙarar ke zuwa? Da safe inji yana da sanyi, ko bayan ya yi zafi?

Ta biyu: daga ina take fitowa? Sama, ƙasa, ko gaba?

Ta uku: mi take bi? Tsaida mota, cire ta daga giya, ka ba ta wuta kaɗan kaɗan. In ƙarar tana sauri tare da inji, ta inji ce. In ba ka jin ta sai mota tana tafiya, a duba ƙafafu, akwatin giya da ƙarƙashin mota. Galibi inji ba shi da laifi.

Ta huɗu: tana ƙaruwa in mota ta ɗauki kaya ko tana hawan tudu?

Don gano wurin, makanikai suna ɗora bakin dogon turnabis bisa jikin inji, su kanga mariƙin a kunne. Inda ƙarar ta fi ƙarfi, nan ciwon yake. Kai ma kana iyawa, amma tuɓe babbar riga da rawani tukuna. Fanka da kuruwa suna fizgar tufa, su ja mutum. Kada ka tada inji cikin rufaffen ɗaki, hayaƙinsa yana kisa. Kada kuma ka buɗe murfin radiyater inji yana da zafi.

Ƙarar da ba ta cin kuɗi da yawa

Akwai tsuwwa mai tsini, kamar kukan ɓera, da safe ko in ka murza sitiyari har ƙarshe. Galibi kuruwa ce ta saki ko ta tsufa. Yayyafa mata ruwa kaɗan. In ƙarar ta sake nan take, ko ta yi shiru ko ta ƙaru, to ita ce. Kuɗinta kaɗan ne. Amma in ta tsinke a hanya, famfon ruwa ya tsaya. Cikin zafin Afrilu da Mayu, da ke wuce digiri 40, inji ba ya daɗewa sai ya tafasa.

Akwai gurnani daga gaba, kamar dutsen niƙa. Wanga sau da yawa rulma ce, ta famfon ruwa ko ta injin caji. Ga gwaji mai sauƙi: makaniki ya cire kuruwa, ya tada inji da sanyi, kada ya kai minti ɗaya. In gurnanin ya ɓace, ciwon yana waje, ba a buƙatar buɗe inji.

Akwai ƙyas-ƙyas daga sama, kamar keken ɗinki. Sufaf ke nan. A Marsandi mai gazuwal ta dauri, irin 200D, 240D da 300D masu lambar shasi 123, da hannu ake daidaita su lokaci lokaci. In inji yana da sanyi, ratar ƙofar shiga milimita 0,10 ce, ta ƙofar fita 0,30. Aikin ƴan awoyi ne. A waɗanda suka biyo baya, irin 190D da masu lamba 124, mai ne ke daidaita su da kansa. In sun yi ƙyas-ƙyas na ƴan daƙiƙu da safe suka yi shiru, ba komi. In ba su yi shiru ba, fara da duba mai: ya ragu ne, ko ya yi dauɗa?

Akwai fit-fit mai ƙarfi da sanyi, mai raguwa in inji ya ɗumama. Duba inda bututun hayaƙi ya haɗu da inji. In ka ga baƙin kunkunniya a wurin, hayaƙi ne ke zurara.

Hakanan robobin da inji ke zaune a kansu suna mutuwa, mota ta riƙa kakkarwa da buge-buge. Mutum ya ɗauka inji ya ƙare, alhali roba ce.

Ƙarar da ke ba ka ɗan lokaci

Ta farko ita ce kacau-kacau daga gaban inji, daga ciki, musamman lokacin tadawa. Sarƙa ce ta miƙe, ko abin da ke ɗaure ta ya gaji, ko robobin da take bi sun bushe. Manyan Marsandi masu silinda 8 an san su da karyewar waɗanga robobi. In sarƙa ta tsallake haƙori, fistan ya bugi sufaf, saman inji ya lalace cikin ƙiftawar ido. Sauya sarƙa yau ya fi araha nesa da sauya inji gobe.

Ta biyu ta mai esansi ce: ƙara kamar tsakuwa cikin gwangwani in kana hawan tudu. Esansi ne ke kamawa da wuta ba bisa ƙa'ida ba. Dalilin yana iya zama mugun esansi, irin na kwalba da aka gauraya da kananzir, ko saitin wuta da ya kauce, ko zafi da ya yi yawa. In aka bar ta, tana iya huda fistan.

Ta uku ta mai gazuwal ce. Ka sani dai injin gazuwal mai surutu ne tun yana sabo. Amma in ka ji bugu ɗaya ya fita daban, kamar ana kafa ƙusa, a tuhumi anjakter, wato bakin da ke fesa gazuwal. Makaniki yana sassauta bututun kowane silinda ɗaya bayan ɗaya har ya sami mai bugun. Sannan ya ɗauke anjakter ɗin ya mayar wani silinda. In bugun ya bi shi, shi ne mai laifi, kuma gyaransa da sauƙi. In bugun ya tsaya inda yake, ciwon yana ciki. Wanga aiki ka bar ma makaniki. Gazuwal yana fita da ƙarfin da ya wuce bar 100, iskar taya kuwa wajen bar 2 ce. Yana huda fatar hannu.

Ƙarar da ake kashe inji nan take

Ita ce bugu mai nauyi daga ƙasa, kamar taɓarya cikin turmi. Yana ƙaruwa in inji ya yi zafi, yana ƙaruwa in ka ba ta wuta. Kusine ne ya cinye, ƙarfe yana dukan ƙarfe. Ko kana tsakanin Dogon Dutsi da Ƙonni, tsaya ka kashe inji, ka nemi mai ja. Kada ka ce bari in lallaɓa in kai gari. Wanda ya tsaya da wuri, wataƙila kusine da gyaran bilbireke sun ishe shi. Wanda ya ci gaba, ƙarfen fistan yana iya karyewa ya fasa jikin inji, sai a saida shi ga masu awon ƙarfe.

Kada ka haɗa shi da wani bugu mai kamar an ƙwanƙwasa tulu, wanda ke zuwa da sanyi ya tafi da zafi. Wancan fistan ne ya ɗan yi sako-sako, kuma inji yana iya shekaru da shi.

Kunne yana son shaida

Ba a yanke hukunci da mai shaida guda. Ga waɗansu.

Allurar mai. Tsohuwar Marsandi tana da agogo a gaban direba mai lamba 0 zuwa 3. Da ka tada inji allura ta haye 3. In ya yi zafi yana ralanti, tana saukowa, wanga daidai ne. Kamfanin ya yarda ta sauko har bar 0,3. Amma da ka ba ta wuta dole ta tashi, ta kai 3 in inji ya kai juyi 3000 a minti. In ta ƙi tashi, ga kuma bugu daga ƙasa, magana ta tabbata.

Man kansa. A juye shi cikin tasa mai tsabta, a duba a rana. A buɗe filtir a duba. In ka ga ƙyalli kamar garin tagulla, kusine ne ke narkewa. In man ya koma kamar kofi da madara, ruwa ya shiga, galibi ta juwan kulas.

Hayaƙi. Shuɗi, inji yana ƙona mai. Fari mai yawa da ba ya ƙarewa, ga ruwan radiyater yana raguwa, ruwa yake ƙonawa. Baƙi, gazuwal ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan. Da hunturu fara duba filtir ɗin iska, ƙura ke toshe shi.

Akwai kuma awon ƙarfin matsi na kowane silinda, da ake yi da wani agogo. Ka nemi a yi maka, ka rubuta lambobin. Duk waɗanga ana yin su ba tare da an kwance inji ba.

Domin mi kayan ke da tsada?

A Jamus aka ƙera motar, kuma kayanta na ƙwarai daga waje suke zuwa. A watan Janairu 1994 aka karya darajar sefa. Faran ɗaya na Faransa, da yake sefa 50, ya koma 100, kuɗin kayan waje ya tashi ƙwarai. Tun 1999 yuro ɗaya sefa 656 ne, in an cike. Ke nan ƙarfen yuro 100 ya haura jika 65 tun bai bar Turai ba, ban da kuɗin jirgi, na duwan da ribar ɗan kasuwa. Shekaru da yawa kaya suna shigowa ta Kwatano da Gaya. A 2023 aka rufe iyakar Benin, kaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso, hanya ta ƙara tsawo.

Akwai sauƙi ta gefe guda. Marsandi mai lamba 123 an ƙera wajen miliyan 2,7 daga 1976 zuwa 1986, don haka kayanta na okaziyo ba su ɓace ba, kuma makanikanmu sun san ta ciki da waje. Manya masu silinda 8 da wayoyin lantarki da yawa, su kam kayansu wuyar samu gare su.

A kasuwa kaya iri uku ne: na asali, na wani kamfanin kirki, da jabu. Araha ba ta ado. In aka sa jabun kusine ya mutu bayan wata biyu, ladan kwance inji sau biyu za ka biya.

Yanzu sai lissafi

Lambobin da ke tafe misali ne kawai don koyo. Kai ka sa na garinku. Ka tuna jika ɗaya sefa 1000 ce, wato dala 200.

A ce motar, in komi nata lafiya, ana sayenta jika 1500. Yadda take yanzu da bugu, an taya jika 600. Ratar jika 900 ce. Ita ce ma'aunin da za ka gwada kuɗin gyara da shi.

Makaniki ya ce: kaya jika 450, gyaran bilbireke da silinda wajen mai injin wanke ƙarfe jika 120, ladansa jika 100, mai da filtir jika 40. Jimla jika 710. Ƙara kashi ɗaya cikin huɗu, wajen jika 180, don in an buɗe tsohon inji ba a rasa ganin abin da ba a zata ba. Ya zama 890. Sannan zagaya motar: tayoyi, birki da radiyater suna jiran jika 250. Duka jika 1140. Ya wuce ratar da jika 240. In niyyarka ka gyara ka saida, ka faɗi.

Hanya ta biyu: injin okaziyo jika 500, ɗorawa jika 60, mai jika 40, ga waccan 250. Jimla 850. Ya shiga cikin rata, amma ba ka san tarihin injin ba. Ba a cinikin biri a sama. Ka ji shi yana aiki, ka ga allurar mai, a rubuta lambarsa bisa takardar ciniki tare da kwanakin garanti.

Hanya ta uku: ka karɓi jika 600 ka huta.

Lissafin yana da wata fuska. In jikin motar ba tsatsa, akwatin giya lafiya, kuma za ka riƙe ta shekara 5, raba jika 1140 gida 60. Jika 19 ke nan kowane wata. Wataƙila ya fi maka sayen wata tsohuwa da ba ka san ciwonta ba. In kuwa da motar kake neman abinci, lissafa har kwanakin da za ta yi a garaji ba ta kawo komi.

Tambaya ta ƙarshe ta fi duka nauyi: daga ina kuɗin za su fito? Mayar da su buhunan hatsi bisa farashin kasuwarku, ka ga buhu nawa ne. In sai an taɓa rumbu, ko an saida saniyar noma, ko an jinginar da gona, to motar ta fi ƙarfin gidan. Kunyar a ce wane ya sauka daga Marsandi ta kwana kaɗan ce. Gonar da ta tafi ba ta cika dawowa ba. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Magana da makaniki

Yawancin makanikai mutanen kirki ne, amma maganar baka tana kawo gardama. In ya ce maka: «Alhaji, wanga inji sai an sauke shi,» kada ka yi fushi, kada kuma ka ce to. Ka ce: «Maigida, na ji. Amma nuna mini shaida tukuna. Mu ga mai, mu ga filtir, mu auna matsi.» Makanikin ƙwarai yana jin daɗin wagga tambaya.

Ku yi jinga biyu: ta buɗewa da dubawa daban, ta gyara daban. A rubuta sunan kowane ƙarfe da kuɗinsa. Ku shirya cewa ba a sayen abin da ba ya cikin takarda sai an faɗa maka. Ka nemi a ba ka tsofaffin ƙarafan da aka cire. In kuɗin da yawa, ji ta bakin makaniki na biyu. Ga inda karatunka ke yi maka rana: mai iya karanta takarda da haɗa lamba ba a cika yi mishi ƙari ba.

In za ka saya, in za ka saida

In saye za ka yi, tafi da sassafe. Dafa murfin inji. In da ɗumi, an riga an tada shi, ka dawo gobe. Ja sandar awon mai. In man ya yi kauri kamar zuma, wataƙila an zuba shi don ɓoye bugu. Sannan yi tafiya da ita har ta yi zafi, ka duba allura. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubda ruwa, don haka kada ka ƙarar da kuɗinka duka wajen saye. Ajiye na gyara.

In kai ne mai saidawa, faɗi ciwon motar. Wanda ya saya shi ma yana da iyali, kuma gari ɗaya kuke.

Motar da ke hannunka kuwa, duba mai da ruwa kowace safiya, yi bidanji a kan lokaci, ka rubuta kwanan wata da kilomita cikin littafinka.

Tambayoyi da aiki

1. Faɗi tambayoyi huɗu da za ka amsa kafin ka tafi garaji.
2. Wace ƙara ce in ka ji ta za ka kashe inji nan take? Domin mi?
3. Yaya ake gane ko anjakter ne ke bugu ko cikin inji ne?
4. Mota lafiyayya jika 1200, da ciwo jika 500. Gyara jika 560, a ƙara kashi ɗaya cikin huɗu. Nawa ne jimla? Ta wuce rata, ko ta yi daidai da ita?
5. Tambayi farashin buhun hatsi a kasuwarku. Buhu nawa kuɗin tambaya ta 4 ke saye?
6. Ku tafi garajin unguwarku, ku rubuto sunayen ƙarafan inji guda 10 yadda makanikai ke faɗinsu, ku karanta ma ƴan aji.